Ranar da Aka Gayyaci Sufeto Cin Sulhu

Aikin da aka ba ni a ƙaramar hukuma, wajen ƙarshen shekarun saba'in, yana da dogon suna a Turance, amma masinjojin ofis sun gajarta mini shi, suna kirana mai kai 'yan sanda gaisuwa. Ban taɓa jin haushinsu ba, domin gaskiya suka faɗa. Ni aka ɗora wa in sa mutanen ƙauye su daina shigewa dawa idan sun hango motar 'yan sanda, in kuma sa 'yan sanda su daina kallon kowane manomi kamar ya ɓoye akuyar sata a rumbu. Aka ba ni tebur a lungu, da babur wanda sai an tura shi yake tashi, aka ce in je in ƙulla zumunci.

Kafin nan malamin firamare ne ni a Kafanchan, kusa da layin dogo, inda jirgi kan katse mini darasi duk lokacin da ya ga dama. Abin da ya sa aka zaɓe ni shi ne ina jin yarenmu, ina jin Hausa da Turanci, kuma Allah ya hore mini baki. A lokacin ina ganin wannan baki nawa babbar baiwa ce.

Sai wanda ya ga zamanin zai gane wahalar aikin. Da can 'yan doka ne ke kula da ƙauyuka. Ba wanda yake ƙaunarsu, amma an san su, an san gidan da kowannensu ya fito, an san inda yake zuwa shan burkutu, in ya matsa wa mutane a kai ƙararsa wurin uwarsa. Da aka rushe su, sai aka kawo 'yan sanda daga nesa, waɗanda kafin su gane hanyar ƙauye an sake tura su wani gari. Mutanenmu kuma suka koyi amsa guda ɗaya, ko me aka tambaye su: ba mu gani ba. Ko a tsakar kasuwa aka fasa wa mutum kai, kowa a lokacin yana duban ƙasa.

Sufeton da ke kula da yankin da aka ba ni mutumin ƙetaren Binuwai ne, dogo, marar yawan magana, Hausarsa irin ta bariki. Na daɗe ina zarya a ofishinsa kafin ya yarda ya fara bi na. Abin da ya fara ba mutane mamaki game da shi, in an ba shi kaza ba ya karɓa. Wani dattijo har tambayata ya yi a ɓoye ko likita ne ya hana shi nama. Na kai shi kasuwanni, na kai shi gidajen dagatai, na kai shi majami'u ranar godiyar kaka, ya zauna a benci gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ana waƙa da yaren da ba ya ji, bai taɓa duba agogo ba. Na so mutumin, kuma har yau ban fasa ba.

Duk inda muka je huɗubata ɗaya ce. Ina cewa ɗan sanda ba dodo ba ne, ɗan wani ne kamar 'ya'yanku. Kada ku ɓoye masa komai. Abin da za ku yi a gabana, ku yi a gabansa. Na maimaita wannan magana har na haddace inda ake yin dariya da inda ake gyaɗa kai.

Inda maganar ta fi shiga shi ne garin mahaifiyata, wani ƙauye a gindin dutse, can bayan Madakiya. Babban dattijon garin kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda na yi ƙuruciyata a gidansa. Mutum ne mai tsokana. Tun da na fara sa dogon wando yake tambayata ko a ofis ana ba mu fartanya ne ko sai dai kujera. Yana jin Hausa sarai, amma bai taɓa yin ta da ni ba. Cewa yake Hausa ta kasuwa ce da masu karɓar haraji, ɗan ƙanwarsa kuwa da yaren gida ake zaginsa. Da farko bai kula Sufeto ba. Sai aka sace wa wasu mutanen garin buhunan citta da suka shanya suka tara, Sufeto ya bi sawu har tashar jirgi, ya dawo da su da kansa ba a taɓa ko ɗaya ba. Daga ranar kawu ya fara kiransa abokin ɗana. Ni kuwa kaina ya fasu, na riƙa ba da labarin a ofis har mutane suka gaji da ji.

A rani, bayan an gama girbin dawa an ƙone daji, garin kan fita farauta gaba ɗaya. A busa ƙaho da sassafe, maza su fito da karnuka da baka da bindigogin toka, su yi wa dutse zobe. A farautar wannan shekara aka dawo da gawa. Wani magidanci ne mai mata ɗaya da ƙananan yara. Wanda bindigarsa ta same shi maƙwabcinsa ne, tare aka yi musu baftisma, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Zan kira shi maharbin, domin haka aka riƙa kiransa daga baya, ko da yake shi manomin citta ne kamar kowa.

A wurinmu irin wannan abu yana da hanyarsa tun kakanni. Ba a kiransa kisa, ana cewa daji ya ci mutum ta hannun wane. A binne mamaci, a yi makoki, ba wanda zai ambaci sunan mai hannun. Daga ranar kuma gidajen biyu ba sa cin abinci tare, ba sa ɗiban wuta a murhun juna, har sai an ci sulhu. Ranar sulhu mutumin zai tsaya a gindin ɗorawa, ba hula ba takalmi, ya faɗi da bakinsa duk yadda abin ya faru, kada ya rage komai. 'Yan'uwan mamacin su saurara. A yanka akuya, a dafa da tuwon acca, a zuba a ƙwarya ɗaya, shi ya sa hannu, babban wan mamacin ya sa hannu. Da zarar an ci, magana ta mutu, duk wanda ya sake tayar da ita shi ne mai laifi. Shi kuma mai hannun zai riƙa nome gonar gwauruwar da mamacin ya bari kafin ya taɓa tasa, har yaranta su isa riƙe fartanya. Da bishara ta zo, ikilisiya ba ta hana wannan ba. An dai cire burkutu an sa kunu, fasto kuma ya buɗe da addu'a.

Da lokacin ya yi, kawu ya aiko wani mai kawo citta kasuwa ya gaya mini ranar, ya ce in zo da abokina. Dalilinsa mai kyau ne. Ya ce tunda mutumin nan ya zama na gida, bai dace a yi babban abu irin wannan ba a kira shi ba, ya zo ya ga yadda muke gyara ɓarakarmu da kanmu. Na ji daɗi ƙwarai. Ni da na yi makaranta, na san akwai doka, amma a kaina doka ta ɓarayi ce da masu faɗa, wannan kuwa sha'anin daji ne, kamar yadda yake a kan kowane ɗan garin. Na gaya wa Sufeto za a sasanta gidaje biyu bisa al'ada, ana gayyatarsa. Ya ce irin abin da yake son gani ke nan. Ya sa kakinsa da aka goge, ya ɗauki kofur ɗaya da direba, na bar babur na shiga motarsu.

Mun isa da hantsi. An share gindin ɗorawa, an kawo wa baƙi kujerun majami'a. Dangin mamacin suna gefe ɗaya, dangin maharbin suna ɗaya gefen, gwauruwar tana zaune a tabarma a bayan mata da ƙaramin ɗanta a cinya. Tukunya tana kan wuta tun safe, ƙamshin nama ya cika wurin. Fasto ya yi addu'a a kan gafara. Sannan maharbin ya fito. Ya rame sosai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ajiye takalmansa na taya a gefe, ya tsaya, ya yi bayani da yarenmu, bai tsallake komai ba. Mata suna kuka a hankali. Da ya gama, wan mamacin ya gyaɗa kai, alamar ya karɓa. Aka sauke tukunya, aka fara zuba tuwo a ƙwarya.

Nan ne kawu ya dubi baƙinsa, ya ga suna zaune ba su san abin da ake ciki ba. A tarbiyyarmu abin kunya ne a kira mutum taro a bar shi a duhu. Sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya ce wa maharbin ya sake faɗa da Hausa, domin baƙonmu shi ma ya zama shaida. Maharbin ya juyo, ya ɗan rusuna wa Sufeto.

“Yallaɓai, ni ne,” ya ce. “Bindiga na ne ya tashi. Na ga ciyawa yana motsi, na ce gada ne, na harba. Da na je, na samu ɗan'uwa na a kwance. Ba wani ya yi ba, ni ne.”

Ina kusa da Sufeto, na ga lokacin da fuskarsa ta canja. Hularsa tana kan gwiwarsa tun da aka yi addu'a. Ya ɗauke ta a hankali ya sa, ya tashi, ya yafito ni zuwa bayan mota.

“Malam, ka san abin da ka kawo ni in ji?”

Na ce sulhu ne, yanzu za a ci, magana ta ƙare. Ya ce mutum ya mutu da harbin bindiga, an binne shi ba a sanar ba, ga wanda ya yi ya faɗa da bakinsa a gabansa, a gaban kofur da direba da gari guda. Ya ce da a hanya ya ji ƙishin-ƙishin, da ya san yadda zai toshe kunnensa, amma an kira shi da kaki an ce ya zama shaida. In ya koma ya yi shiru, kafin mako ya zagayo maganar ta isa sama, shi za a tuɓe, kuma duk da haka a zo a kama mutumin. Ba da faɗa ya yi maganar ba. Gumi ne kawai yake keto masa.

Na roƙe shi kamar yadda ban taɓa roƙon kowa ba. Na ce ko me zai yi, ya bari a ci tukuna, ga ƙwarya can an riga an zuba. Ya ce to, a ci, zai jira. Amma ya ce wa kofur ya je ya tsaya kusa da mutumin, kada ya ruga dutse. Mutumin da ya tsaya ba takalmi ya tona kansa a gaban gari, shi ake tsoron ya gudu. Kofur ya je ya tsaya a bayansa, ya goya hannu.

Wan mamacin, wanda ya riga ya wanke hannu, ya dubi kofur, ya dubi kawu, ya tambaya da yarenmu maganar nan yanzu a hannun wa take. Tambayar tana da nauyi, domin ba a cin sulhu a kan maganar da ke hannun wani. Ana ci ne don ta mutu, in kuwa gobe wani zai tayar da ita a wani wuri, an ci ƙarya ke nan, kuma mutanenmu sun fi tsoron wannan a kan gabar kanta. Kawu ya taso da sandarsa har gaban Sufeto.

“Abokin ɗana,” ya ce, “in sun ci, za ka bar shi?”

Na sa wa Sufeto ido. Wallahi a ranar na so a ce maƙaryaci ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ba zan iya ba.”

Wan mamacin ya goge hannunsa a riga, ya juya, danginsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ba zagi, ba hayaniya. Fasto ya bi su yana magana, ba wanda ya waiwayo. Maharbin ya taka da kansa zuwa mota, sai da ya hau ya tuna da takalmansa, ya roƙi a miƙo masa. Gwauruwar ce kaɗai ta ɗaga murya, kuma ba da Sufeto take ba, da ni take. Ta kira ni da sunan da ake kirana ina yaro, ta ce, “To wa zai nome mini gona?” Na shiga motar. Lokacin da motar ta juya, na hango ƙwaryar a gindin ɗorawa, wata tsohuwa tana kore karnuka daga wurin.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai. A ofis yaba mini aka yi. Shugabanmu ya tashi a taro ya ce ga amfanin haɗin kai, yau ƙauye da kansa ya kira hukuma ya miƙa mai laifi, ya ce sauran ma'aikata su yi koyi da ni. Aka tafa. Na tashi zan yi bayani, aka ɗauka kunya ce, aka ƙara tafawa. Na bi manya ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ba haka abin yake ba, kowa ya ce magana tana gaban alƙali, ba a sa baki. A kotu aka kira dattawan garin shaida, duk suka koma tsohuwar amsarsu, ba su gani ba. Bai amfana komai ba, domin da aka tambayi maharbin, abin da ya faɗa a gindin ɗorawa shi ya sake faɗa. Alƙali ya yarda ba da gangan ba ne, amma ya ce ganganci ne, ya ɗaure shi shekaru.

Kafin a gama shari'ar ma an tura Sufeto wani gari. Na raka shi tashar jirgi, da akwatin ƙarfensa da katifarsa a naɗe. Mun tsaya muna kallon masu tallar ayaba. Da jirgi ya yi kuka ya kama hannuna ya ce in gaida masa Baba. Wanda aka kawo a madadinsa kaza yake karɓa, har da ƙwai. Na nemi wanda zan ɗora wa laifin abin nan na rasa, kuma rashin wanda zan tsana ya fi komai gajiyar da ni.

Damina ta sauka. Dangin maharbin ba su da ikon taka gonar gwauruwar tunda ba a ci ba, dangin mijinta kuma kowa yana fama da tasa. Ta yi iya ƙoƙarinta ita kaɗai, ciyawa ta fi ƙarfinta, cittar ta ruɓe a ƙasa. Da kaka ta kwashe yaranta ta koma gidan ubanta. A majami'a gidajen biyu suka raba benci, waɗannan a dama waɗancan a hagu. Fasto ya yi wa'azin gafara har muryarsa ta dushe. Suka ce masa ai sun gafarta tuntuni, ba a dai ci ba ne. Yaran da suka tashi tare aka hana su karɓar ko gyaɗa daga hannun juna.

Na riƙa zuwa gidan yari ina duba maharbin. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Kullum tambayarsa biyu ce, ko an nome mata gonar, da kuma ko kawu yana nan da ƙarfinsa. Ya ce in ya fito hukuma ta gama nata, maganar ta dawo hannun gari, sai a sake yanka akuya. Da wannan yake kwana yake tashi. Ya roƙe ni in je in ji daga bakin kawu, domin shi kaɗai ya rage a garin da zai iya tara gidajen biyu.

Na daɗe ina ɗaga tafiyar. Ba wanda ya hana ni zuwa garin, amma tun ranar ba a sake aiko mini ba, ko bikin aure ko jana'iza. Sai da wani rani ya zagayo na tura babur na tafi. A hanya na haɗu da mai kawo cittar nan, ya gaya mini an sake dawowa da gawa daga farauta, wani saurayi. Na tambaye shi ta hannun wa. Ya dubi tayar babur ɗina ya ce an ce bindigar saurayin ce ta tashi da kanta. Ba wanda ya tsaya a gindin ɗorawa, ba kuma wanda aka ce ya tsaya.

Na sami kawu a ƙofar gida, a kan gungumen da yake zama tun ina yaro, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi da yarenmu, ina jiran ya tambaye ni labarin kujera. Sai ya ajiye ƙotar, ya dafa sanda ya miƙe tsaye, ya cire hularsa.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe,” ya ce da Hausa. “An zo lafiya? Ya aikin gwamnati?”

Na ce, Kawu, ni ne fa. Na ci gaba da yarenmu, na ce daga gidan yari nake, mutumin nan ya aiko ni, yana tambaya in ya fito ko za a ci sulhun. Ya saurare ni har na gama, yana tsaye, hula a hannu, kamar yadda na sha ganinsa a gaban masu haraji.

“Wane sulhu, ranka ya daɗe?” ya ce. “Mu a garin nan ba mu san wani ya harbi wani ba.”

Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin tangaran da ake ajiye wa baƙi. Na sha, na yi godiya da Hausa, na tura babur ɗina har gangaren dutse kafin ya tashi. Ranar ziyara tana zuwa a ƙarshen mako, kuma na san da wace tambaya maharbin zai tarbe ni.